Lucy Wills, likitar da ta binciki ƙarancin jinin masu juna biyu

An haifi Lucy Wills a Ingila a 1888. A 1928 ta isa birnin Bombay na Indiya, inda ƙarancin jini ke hallaka matalautan mata masu juna biyu. Da ta duba jininsu da madubin likita, sai ta tarar jajayen ƙwayoyin sun yi girma fiye da kima, saɓanin ƙananan da rashin sinadarin ƙarfe ke haifarwa. Ta danganta cutar da abinci, ta kuma magance ta da Marmite, wani abin ci mai araha da ake yi da yis. Sinadarin da ya warkar da su shi ne folik asid, wanda ake bai wa mata wajen awon ciki a Yola da Jimeta har yau. Ta rasu a 1964.