Edgar Codd: Matuƙin Jirgin Da Ya Tsara Rumbun Bayanai

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya fara haɗa jadawali a MySQL ko Access, da bazar Edgar Frank Codd yake rawa, ko ya san shi ko bai san shi ba.

An haifi Codd ranar 19 ga Agusta, 1923, a tsibirin Portland da ke kudancin Ingila. Ya karanci lissafi da kimiyyar sinadarai a Jami'ar Oxford, ya kuma tuƙa jirgin sama a rundunar sojan saman Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙin ya koma Amurka, ya kama aiki da kamfanin IBM. Bai samu digirin dakta ba sai 1965 a Jami'ar Michigan, ya haura shekara 40.

A wancan zamanin, ciro bayani daga kwamfuta kamar neman gida ne a lungunan cikin birni: sai ka san hanyar da aka bi aka ajiye shi. Da an taɓa tsarin ajiyar, manhajojin da suka dogara da shi sai an sake musu gyara. A watan Yunin 1970 Codd ya fitar da maƙalar da ta kawo mafita. Ya ce a zuba komai cikin jadawalai, kowane layi da lambarsa da babu mai irinta, a riƙa haɗa jadawali da jadawali ta wannan lambar. Kai dai faɗi abin da kake nema, kwamfuta ta nemo hanya.

Daga nan ya shimfiɗa ƙa'idojin tankaɗe jadawali, waɗanda jigonsu shi ne kowane bayani a rubuta shi sau ɗaya, a wuri ɗaya. Mu kawo abin gida. A ce an ba ka aikin rajistar waɗanda rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu a Batsari da Safana. In ka cusa komai a jadawali ɗaya, Musa Sani na Ruma zai iya fitowa sau uku da rubutu daban-daban, ko a haɗe shi da takwaransa na Runka. Ranar rabon hatsi wani ya karɓa sau biyu, wata mai marayu ta koma hannu rabbana. A tsarin Codd kuwa, jadawalin mutane daban, na ƙauyuka daban, na rabo daban, lamba ce ke ɗaure su.

Abin mamaki, IBM bai yi rawar jiki ba, don yana cin kasuwa da tsohon tsarinsa mai suna IMS. Ana cikin jan ƙafa Larry Ellison ya karanta aikin, kamfaninsa ya fito da Oracle a 1979. DB2 na IBM bai fito ba sai 1983. Harshen SQL ma abokan aikinsa ne, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka ƙirƙiro shi, kuma Codd ya sha sukarsa cewa ya kauce wa wasu ƙa'idojinsa.

A 1981 aka ba shi lambar yabo ta Turing, mafi girma a fagen kwamfuta. Ya mutu ranar 18 ga Afrilu, 2003, a jihar Florida, yana da shekara 79.

To, mai shirin furojet, kafin ka kunna laptop ɗauki biro da takarda. Lissafa abubuwan da za ka ajiye bayanansu, ka ba kowanne jadawalinsa da lambarsa, ka ja layin da ke haɗa su. Bayan nan sai ka buɗe MySQL.