Ernest Shackleton, madugun da jirginsa ya nutse amma ya dawo da ayarinsa

An haifi Ernest Shackleton ranar 15 ga Fabrairu 1874 a ƙauyen Kilkea da ke ƙasar Ayaland. Mahaifinsa likita ne, ya so ɗan ya gaje shi, amma yaron ya bar makaranta yana da shekara 16 ya kama aikin jirgin ruwa na 'yan kasuwa. A 1901 ya fara zuwa Antatika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen duniya ta kudu, cikin ayarin Kyaftin Scott. A Janairun 1909 kuma, da nasa ayarin, saura kilomita 180 ya kai tsakiyar kudun duniya ya juyo, domin guzuri ya kusa ƙarewa. Sarkin Ingila ya ba shi sarautar Sir a wannan shekarar.

Da Amundsen ɗan Norwe ya riga kowa isa wurin a 1911, Shackleton ya ƙudura ratsa nahiyar gaba ɗaya a ƙasa. Ko taka ta bai yi ba. A Janairun 1915 ƙanƙara ta daskare jirginsa Endurance a tekun Weddell, ta yi ta matse shi har katakonsa ya farfashe, ya nutse ranar 21 ga Nuwamba. Mutum 28 suka zauna a kan ƙanƙarar da ke yawo bisa ruwa har Afrilun 1916, sannan suka shiga kwale-kwale uku suka kai wani tsibiri mai suna Elephant, inda babu kowa, babu kuma jirgin da ke bi ta nan.

Ranar 24 ga Afrilu ya zaɓi mutum biyar, suka hau kwale-kwalen James Caird wanda tsawonsa bai cika mita 7 ba. Inda suka nufa shi ne tsibirin Jojiya ta Kudu, kusan kilomita 1,300, wato ya ɗan zarce tafiyar Arlit zuwa Yamai, kuma a kan tekun da matuƙa ke shakka fiye da kowanne. Kafintan ayarin, McNish, ya ɗaga gefen kwale-kwalen ya rufe samansa da tamfol. Ruwan da igiya ke watsawa yana daskarewa a jikinsa har ya yi nauyin da zai kife, sai mutum ya rarrafa ya fasa ƙanƙarar yana riƙe da hannu ɗaya. Jagoransu Frank Worsley da rana yake gane hanya, sau huɗu kacal ta leƙo masa a duk tafiyar. Da ya kuskure kaɗan, sun wuce tsibirin ke nan sai buɗaɗɗen teku.

Wani dare Shackleton ya hango fari a sararin sama, ya ɗauka gari ne ke washewa. Ashe kumfar wata ƙatuwar igiya ce. Ta rufta musu, suka yi ta kwalfe ruwa da duk abin da hannu ya kai. Abin da ya fi gallabar su a ƙarshe kuwa, duk wanda ya taɓa isa rijiya a dajin Gougaram ya tarar da ita a ƙafe ya san shi: ƙishirwa. Ruwan gishiri ya shiga gangar ruwan shansu, ga ruwa ko'ina ba na sha. Ranar 8 ga Mayu suka hango tsibirin, guguwa ta hana su sauka sai ranar 10.

Sun sauka ne ta ɓangaren da ba mutane. McNish ya kafa musu kusoshi a ƙasan takalma, Shackleton da Worsley da Tom Crean suka haye duwatsun ƙanƙara cikin awa 36, suka isa sansanin masunta na Stromness ranar 20 ga Mayu. Sau uku ƙanƙara na tare masa hanyar komawa. A na huɗu, ranar 30 ga Agusta, jirgin Yelcho na ƙasar Chile ya kwaso mutum 22 da aka bari, dukansu da rai.

Ba waliyyi ba ne. Bashi bai taɓa rabuwa da shi ba, kasuwancin da ya gwada duk ya rushe, ya kuma hana McNish lambar yabo saboda wata gardama da suka yi a kan ƙanƙara, alhali da aikin hannunsa suka tsira. Ɗaya rukunin ayarin, wanda ya je ta tekun Ross don ajiye masa guzuri, ya rasa mutum uku.

Ya koma kudu da jirgin Quest, ciwon zuciya ya kashe shi a Grytviken ranar 5 ga Janairu 1922, yana da shekara 47. Matarsa Emily ta ce a binne shi can, kuma jiragen 'yan yawon buɗe ido na tsayawa a kabarinsa har yau. A Maris 2022 aka gano Endurance kwance a zurfin mita 3,008, sunansa na nan a jikin katakon.