Laurie Cunningham: ɗan ƙwallon da Barcelona ta tafa wa, rauni ya kayar da shi

A watan Fabrairun 1980, Real Madrid ta je filin Camp Nou ta doke Barcelona da ci 2 da nema. Ƴan kallon Barcelona, waɗanda ba sa ga maciji da Madrid, sai ga su sun miƙe suna tafa wa wani matashi baƙar fata na ƙungiyar abokan hamayya. Sunansa Laurie Cunningham, shekarunsa 23. Kafin shekarar ta ƙare, tauraronsa ya fara dushewa.

An haife shi a Landan ranar 8 ga Maris 1956. Iyayensa ƴan ci-rani ne daga Jamaika. Arsenal ta sallame shi tun yana yaro, Leyton Orient ta ɗauke shi, sannan a 1977 ya koma West Bromwich Albion. A can ya haɗu da Cyrille Regis da Brendon Batson, baƙaƙen fata uku a ƙungiya guda, a zamanin da ƴan kallo a Ingila ke jifan irinsu da ayaba suna yi musu ihun biri. Cunningham ɗan wasan gefe ne mai gudu da iya yanka, kuma a Afrilun 1977 ya ci wa tawagar Ingila ta ƴan ƙasa da shekara 21 ƙwallo a wasansa na farko.

A 1979 Real Madrid ta saye shi kan fam 950,000, ya zama ɗan Ingila na farko da ya taka mata leda. A kakarsa ta farko ya ɗauki kofin gasar Sipaniya da Kofin Sarki.

Matsala ta faro ne a ƙarshen 1980, lokacin da wani ɗan wasan Real Betis ya taka shi ya karya masa yatsan ƙafa. An yi masa tiyata. Bayan ƴan kwanaki aka gan shi a gidan rawa da ƙafa a ɗaure. Kulob ya ci shi tara mai tsanani, jaridu kuma suka laƙaba masa sunan mai son holewa. Daga nan amana ta yi rauni tsakaninsa da shugabannin kulob.

Abin da ya fi cutar da shi shi ne gaggawar komawa fili. A Mayun 1981 an saka shi a wasan ƙarshe na Kofin Turai a Paris bayan ya yi watanni ba ya wasa. Bai warware ba, kuma Liverpool ta yi nasara da ci 1 da nema. Raunuka suka riƙa biyo juna, har da na gwiwa. Gudun da ya dogara da shi ya ragu. Wasa shida kacal ya buga wa babbar tawagar Ingila, duka tsakanin 1979 da 1980. A 1982 kuma aka kashe abokiyar zaman yayansa da ƴaƴanta mata biyu a Landan.

Daga 1983 ya shiga yawo: aro a Manchester United da Sporting Gijon, sai Marseille, Leicester, Rayo Vallecano da Charleroi ta Beljiyam. A 1988 ya shigo canji a wasan da Wimbledon ta doke Liverpool ta ɗauki Kofin FA. Ya koma Rayo, ya taimaka mata ta hau rukunin farko a 1989. Ranar 15 ga Yulin shekarar ya rasu a haɗarin mota a Madrid, yana da shekara 33.

Mutane sun fi tuna daren gidan rawa, amma dare guda ba ya rusa ɗan wasa. Abin da ya rusa Cunningham shi ne rauni kan rauni da komawa wasa kafin jiki ya warke, a ƙasar da ba shi da dangi, kuma kulob na jiran ribar kuɗinsa. Matashin da ke mafarkin Turai yau zai iya samun kansa cikin wannan matsi, inda jiki shi ne jari, ba kuma kowa zai ce masa ya dakata ba.

A 2017 an kafa mutum-mutuminsa kusa da filin Leyton Orient, inda ya fara.