Linus Pauling: Masanin Kimiyyar da Ya Yaƙi Bam da Wasiƙa

Mutanen da suka ci lambar yabo ta Nobel har sau biyu ba su da yawa, kuma a cikinsu mutum ɗaya ne kacal ya ci duka biyun ba tare da an raba masa da kowa ba. Sunansa Linus Carl Pauling, Ba'amurke, wanda aka ba lambar kimiyyar sinadarai a 1954, aka kuma ba shi ta zaman lafiya ta shekarar 1962. Ɗaliban kimiyya sun san shi ta littattafansu. Mu kuwa masu nazarin harshe, abin da ya fi dacewa ya ja hankalinmu a rayuwarsa shi ne wasiƙa. Da wuya gari ya waye rana ta faɗi bai aika ko bai karɓi wasiƙa ba. Yakan faɗi abin da yake so cikin na'urar ɗaukar magana, sakatariyarsa ta buga da tafireta, a tura asalin, a ajiye kwafi. Shi ya sa Jami'ar Jihar Oregon, wadda ya damƙa wa takardunsa da na matarsa a 1986, take riƙe da abubuwa kimanin 500,000 nasu, har mai bincike zai iya ɗaukar rana guda a cikin 1957, alal misali, ya ga wanda ya rubuto masa da wanda ya ba amsa.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Pauling a birnin Portland na Jihar Oregon ranar 28 ga Fabrairu, 1901. Mahaifinsa, Herman, mai kantin magani ne. A 1910 wannan uba ya rubuta wa wata jaridar garinsu wasiƙa yana neman a ba shi shawarar littattafan da zai saya wa ɗansa mai shekara tara, domin yaron ya cinye duk abin karantawa da ke gidan. Makonni kaɗan bayan haka uban ya rasu. Mahaifiyarsa ta koma ba da hayar ɗakuna don ciyar da yara uku, kuma burinta shi ne Linus ya kama aiki ya taimaki gida. Shi kuwa ya dage, ya shiga Kwalejin Aikin Gona ta Oregon a 1917, yana ƙwadago yana biyan kuɗin makaranta.

Tun yana ɗalibi aka ba shi aji yana koyarwa. A cikin wannan aji ne, a 1922, ya haɗu da Ava Helen Miller. Da ya wuce Cibiyar Fasaha ta Kalifoniya, wato Caltech, don neman digirin digirgir, sai ya riƙa rubuta mata wasiƙa kusan kullum, har aka ɗaura musu aure a watan Yuni na 1923. Ana iya cewa a nan hannunsa ya faɗa da rubutun wasiƙa. Ya kammala a 1925, ya tafi Turai a 1926, inda ya zauna a Munich ta Jamus a ƙarƙashin Arnold Sommerfeld yana koyon sabon ilimin ƙwayar zarra. Da ya dawo, sai ya yi amfani da wannan ilimi wajen bayyana abin da ke sa ƙwayoyin zarra su manne da juna su samar da ruwa, gishiri ko ƙarfe. Littafinsa na 1939, The Nature of the Chemical Bond, ya zama madogara ga masana sinadarai a duniya.

Sikila, da Wasiƙar da Ta Je Cambridge

Akwai aikinsa guda da ya shafe mu kai tsaye. A 1949, shi da Harvey Itano da wasu abokan aiki biyu suka nuna cewa cutar sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini, ta samo asali ne daga wani ɗan bambanci a sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Wannan ne karo na farko da aka kama tushen wata cuta a jikin sinadari guda. Nijeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar masu wannan cuta a duniya, saboda haka duk saurayi da budurwar da suka je gwajin jini kafin aure suna cin gajiyar hanyar da wannan bincike ya buɗe. Sai dai ba za a ɓoye ba, a 1968 Pauling ya ba da wata shawara mara daɗin ji, cewa a riƙa yi wa masu ɗauke da ƙwayar cutar alama a goshi don kada su auri juna. Ilimi mai zurfi bai hana shi wannan katoɓara ba.

A 1951 ya fitar da siffar murɗaɗɗen zaren da furotin yake ɗauka, sannan ya juya kan DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta. Ya rubuta wa masu bincike na Kwalejin King's da ke Landan yana roƙon su nuna masa hotunan da suka ɗauka, suka ƙi. A 1952 kuma gwamnatin ƙasarsa ta hana shi fasfo lokacin da zai halarci wani taron masana a Landan, saboda zargin yana da ra'ayin gurguzu. Ya rubuta wa Shugaba Truman yana kuka, masana irin su Albert Einstein suka sa baki, amma sai da taron ya wuce aka ba shi fasfo na ɗan lokaci.

A ƙarshen wannan shekara ya rubuta wa ɗansa Peter, wanda ke karatu a Cambridge ta Ingila, cewa ya gano siffar DNA, daga bisani kuma ya aika masa da kwafin maƙalar. Ashe Peter ofis ɗaya yake zama da wasu matasa biyu, James Watson da Francis Crick, waɗanda su ma abin da suke farauta ke nan. Da suka duba sai suka ga babban malamin ya yi kuskure, ya sa zare uku maimakon biyu. Suka san yana gano kuskurensa zai gyara, don haka suka zage damtse, suka riga shi a watan Afrilu na 1953. Wasiƙar uba zuwa ga ɗansa ce ta zaburar da abokan gasarsa.

Takardar Koke

Ava Helen ce ta jawo mijinta cikin harkar siyasa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa sojan ƙasarsa ayyukan bincike, amma da Robert Oppenheimer ya gayyace shi aikin ƙera bam ɗin nukiliya bai amsa ba. Bayan an jefa bam a Hiroshima da Nagasaki a 1945, ya shiga kwamitin masana da Einstein ke jagoranta a 1946, ya kuma kasance ɗaya daga cikin mutum 11 da suka rattaba hannu a kan sanarwar Russell da Einstein ta 1955.

Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne gwajin makaman ƙare-dangi a sararin sama. Duk lokacin da Amurka ko Tarayyar Sobiyet ko Birtaniya ta tayar da bam, ƙura mai guba takan hau sama, iska ta kwashe ta, ruwan sama ya sauko da ita kan ciyawa. Saniya ta ci, gubar ta shiga nono, yaro ya sha. Ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai, sitirontiyom-90, jiki yana ɗaukar sa tamkar abin gina ƙashi, sai ya maƙale a ƙashi da haƙoran yara. Hukumomi suna cewa abin bai taka kara ya karya ba. Pauling kuwa yana lissafi yana nuna cewa ƙaramar illa, idan aka baza ta a kan dukkan mutanen duniya, yawan waɗanda za ta shafa ba kaɗan ba ne. Mutanen wannan yanki namu ma sun ɗanɗani wannan fargaba, domin Faransa ta fara nata gwajin a hamadar Aljeriya a watan Fabrairu na 1960, kuma a Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas saboda haka.

A watan Mayu na 1957, bayan wata lacca da ya gabatar a birnin St. Louis, shi da Barry Commoner da Edward Condon suka tsara gajeriyar takardar koke mai neman a daina gwajin. Ba su da ofis, ba su da ƙungiya, ba su da gidan rediyo. Ambulan da kan sarki kawai suke da su. Pauling da matarsa suka zauna a gidansu da ke Pasadena suna tura kwafi ga masanan da suka sani a jami'o'i, kowa ya zagaya da ita a sashensa ya mayar. Cikin 'yan makonni masana Amurka fiye da 2,000 suka sa hannu. Daga nan suka faɗaɗa abin zuwa ƙasashen waje, da kuɗin aljihunsu. A watan Janairu na 1958 suka miƙa wa Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Dag Hammarskjöld, sunaye 9,235, waɗanda daga baya suka kai 11,021 daga ƙasashe 49. Mai karatu ya tuna cewa babu intanet a lokacin. Kowane suna sai da wani ya karanta wasiƙa, ya yi shawara da zuciyarsa, ya ɗauki alƙalami, ya taka zuwa gidan waya.

Abin bai zo masa da sauƙi ba. A 1958 matsin lamba ya sa ya sauka daga shugabancin sashen sinadarai na Caltech, kujerar da ya riƙe tun 1937. Hukumar FBI ta tara bayanai a kansa fiye da shafi 2,000. Wasiƙun da ke zuwa gidansa kuma ba duka na yabo ba ne, akwai na zagi da na barazana, waɗanda ya fara gani tun 1945 lokacin da iyalinsa suka ɗauki wani Ba'amurke ɗan asalin Japan aikin lambu.

A Gaban Majalisa

A ganina, babbar jarrabawar rayuwarsa ta zo ne a 1960. Wani kwamitin Majalisar Dattawa mai binciken tsaron cikin gida, ƙarƙashin Sanata Thomas Dodd, ya kira shi a watan Yuni. Sunayen waɗanda suka sa hannu ba sirri ba ne, tun da suna Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin da kwamitin ke so shi ne wasiƙun da suka rako takardun, wato sunayen waɗanda suka zagaya suna tattara sa hannun. Pauling ya san abin da hakan ke nufi a wancan zamani na farautar 'yan gurguzu. Da yawa daga cikinsu ƙananan malamai ne da ɗalibai, waɗanda kira ɗaya daga irin wannan kwamiti ya isa ya raba su da aikinsu. Shi yana da suna da lambar Nobel da za su kare shi, su kuwa ba su da komai sai amanar da suka ba shi lokacin da suka rubuto.

Ya ƙi. Aka ba shi wa'adi, aka nuna masa cewa ƙin bin umarnin majalisa laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari. A watan Oktoba ya dawo, ya sake ƙi. Zuwa lokacin jaridu da malaman jami'o'i da dama sun goyi bayansa, sai kwamitin ya ja da baya, ba a tuhume shi ba. Wanda ya san darajar wasiƙa ya san cewa mai aiko ta ya ba ka ajiya ne, kuma Pauling ya gwammace ɗauri da ya tona ajiyar.

Masu cewa ɗan koren Rasha ne sun ji kunya a 1961, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta koma gwaji. Ya aika wa Nikita Khrushchev saƙo yana neman ya dakata, Khrushchev ya maido masa da doguwar amsa yana kare kansa, sannan ya tayar da bam mafi girma a tarihi ranar 30 ga Oktoba. A watan Maris na 1962 ya buga wa Shugaba Kennedy tangarahu mai zafi a kan shirin Amurka na komawa nata gwajin. A ƙarshen Afrilu kuma aka gan shi da rana riƙe da allon zanga-zanga a ƙofar fadar White House, da dare ya sa kwat ya shiga cikin fadar cin liyafar da Kennedy ya shirya wa masu lambar Nobel.

Ranar 5 ga Agusta, 1963, Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu a Mosko kan yarjejeniyar hana gwaji a sama da sararin samaniya da cikin ruwa. Ta fara aiki ranar 10 ga Oktoba, kuma a wannan rana aka sanar da ba Pauling lambar zaman lafiya. Yarjejeniyar ba ta hana gwaji a ƙarƙashin ƙasa ba, kuma Faransa da Sin ba su shiga ba. A gida ma murnar ba ta yi armashi ba, domin wasu manyan mujallu sun ɗauki lambar a matsayin cin fuska ga Amurka, hukumar Caltech kuma ta yi sanyi-sanyi. Ganin haka ya bar cibiyar da ya shafe fiye da shekara 40 a cikinta.

Ƙarshen Rayuwarsa

Wasiƙa ce kuma ta buɗe babin ƙarshe. A 1966 wani masani mai suna Irwin Stone, wanda ya ji shi a wani taro yana fatan ƙarin shekaru, ya rubuto masa yana ba shi shawarar shan bitamin C mai yawa kullum. Pauling ya gwada, ya gamsu, ya fitar da littafi a 1970 yana cewa bitamin ɗin na maganin mura. Daga 1971 ya shiga musayar wasiƙu da wani likita a Sikotilan, Ewan Cameron, suka yi iƙirarin yana tsawaita ran masu ciwon daji. Asibitin Mayo na Amurka ya gwada sau biyu, a 1979 da 1985, bai ga wani amfani ba. Pauling bai yarda ba, ya ci gaba da rubuce-rubucen raddi ga likitoci da editocin mujallu. Taurin kan da ya taimake shi a gaban Sanata Dodd shi ne ya hana shi saurarar hujja a nan, kuma yawancin likitoci har yau ba su karɓi iƙirarin nasa ba.

Ava Helen ta rasu a watan Disamba na 1981 sakamakon ciwon dajin ciki. Shi kuma ya ƙara shekara kusan 13 yana lissafi da amsa wasiƙun jama'a, waɗanda a lokacin yawancinsu na marasa lafiya ne masu neman shawara. Ya mutu a gonarsa da ke Big Sur, a gaɓar tekun Kalifoniya, ranar 19 ga Agusta, 1994, yana da shekara 93. Ciwon daji ne ya yi ajalinsa.