Likita Mila na Zariya (1872–1952): Ɗan Mishan da Tafarkin Rubutun Boko

An haifi Walter Richard Samuel Miller, wanda aka fi sani da Likita Mila, a lardin Devon na ƙasar Ingila a shekarar 1872. Ya yi karatun likitanci a asibitin St Bartholomew da ke Landan, sannan ya shiga ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, wato C.M.S. A ƙarshen ƙarni na 19 wani zato ya yi ƙarfi tsakanin 'yan mishan na Ingila, cewa Musuluncin Hausawa bai yi saiwa ba, kuma talakawa sun gaji da mulkin Fulani, don haka da zarar an yi masu wa'azi da harshensu za su karɓi Kiristanci. Da wannan zato Mila ya shirya wa tafiyarsa, kuma ya yi shekaru fiye da talatin yana fama da abin da ya tarar saɓanin haka.

Bai fara koyon Hausa a ƙasar Hausa ba. A Tarabulus ya fara, inda fatake da alhazai da 'yantattun bayi Hausawa suke zaune, kamar yadda Charles Robinson ya yi a Arewacin Afirka kafin shi. A can ya haɗu da wani yaro Bahaushe, Abdulmajid, wanda mahaifinsa ya rasu a hanyar aikin hajji. Yaron ya zama malaminsa na harshe, daga baya kuma ɗan riƙonsa.

A 1900 Mila ya shiga ayarin Turawa biyar ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, suka taso daga Ikko suka nufi Kano. Sarkin Kano Alu bai ɓata lokaci da su ba: ya karɓe su a fada, ya ƙi ba su izinin zama, ya yanka masu 'yan kwanaki su fice daga birnin. Suka juyo suka yada zango a Girku, kudu da Zariya, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya mutu, ragowar kuma ciwo ya tarwatsa su. Wannan tafiya ta ɓata wa Lugga rai, domin a lokacin bai ci Kano da Sakkwato ba, kuma ba ya son abin da zai tunzura sarakuna kafin ya shirya. Duk da haka abota ta ƙullu tsakaninsa da Mila, kuma a 1905 aka bar shi ya zauna cikin birnin Zazzau, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Alfarma ce da ba kasafai ake yi wa ɗan mishan irinta a manyan biranen Arewa a wancan lokaci ba, tun da Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba.

A wannan tsakanin ne Mila ya yi aikin da ya fi shafar nazarin Hausa, ko da yake ba shi ne abin da ya kawo shi ba. Sabuwar gwamnatin na bukatar mai fassara mata dokoki da mai jarraba jami'anta a harshen Hausa, kuma cikin Turawan da ke ƙasar ba mai Hausa kamar tasa. Tun 1901 ya fitar da ɗan littafinsa na nahawu, Hausa Notes. Tambayar da ke gaban masu mulki ita ce da wane rubutu za a gudanar da sha'anin ƙasa: Larabci, ko Hausa da ajami, ko Hausa da haruffan Romawa. Mila ya tsaya kai da fata a kan na ukun. Hujjojinsa biyu ne, kuma bai ɓoye ko ɗaya ba. Ta farko ta fasaha ce, wato wahalar buga ajami da injin ɗab'i da rashin daidaito wajen rubuta wasula da wasu baƙaƙe. Ta biyu ta aƙida ce: a ganinsa duk wanda aka koya wa haruffan Larabci an buɗe masa ƙofar Musulunci. Ba shi kaɗai ya yanke hukuncin ba, kuma Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, shi ya tsara ƙa'idojin rubutun a 1912. Amma shawarar Mila ta yi nauyi a wurin Lugga, kuma sakamakonta shi ne malaman da suka yi ƙarnoni suna rubuta waƙa da wasiƙa suka wayi gari a matsayin jahilai a idon ofis. Manazarcin da ke mamakin tsawon zargin da aka yi wa boko ya kamata ya tuna cewa zargin yana da tushe a rubuce.

Burinsa na kafa makarantar 'ya'yan sarakuna a hannun mishan bai cika ba. Bayan tafiyar Lugga, Gwamna Girouard ya ɗora aikin ilimi a kan Vischer, wanda ya buɗe makarantar gwamnati a Nasarawa ta Kano. Zamansa da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, mawaƙin nan da adabin Hausa ke tinƙaho da shi, ya yi tsami ƙwarai. Mila ya riƙa kai ƙorafin zaluncin hakimai da fadawa ga Turawa, kuma ƙorafe-ƙorafensa na cikin abubuwan da suka share fagen tuɓe sarkin da kai shi Lakwaja. Ba a rasa gaskiya cikin wasu koke-koken talakawa da ya ɗauka, sai dai mutum ne mai kaifin harshe, wanda bai iya raba ƙyamar zalunci da ƙyamar addinin masu mulkin ba.

Masu karɓar wa'azinsa a birni ba su taka kara sun karya ba. Ribar da ya samu ta zo ne daga inda bai zata ba, wato daga Isawa, mabiya Malam Ibrahim da aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi saboda matsayin da ya ba Annabi Isa a koyarwarsa. Zuriyarsu da ta warwatsu wajen Ningi da gabashin Zazzau ta nemi Mila a 1913, aka kafa masu ƙauye a Gimi. Ciwon barci ya yi wa ƙauyen ɓarna har ya watse, amma 'ya'yansu sun shiga makarantar Zariya. A 1929 aka matsa wa mishan ta bar cikin ganuwa ta koma Wusasa. Daga wannan 'yar ƙaramar al'umma aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A Wusasa kuma Yakubu Gowon ya tashi.

Babban aikinsa shi ne fassarar Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya, wanda aka buga da boko a 1932, bisa harsashin da J.F. Schön ya aza a ƙarnin da ya gabata. Mila ne jagora, tare da wakilan sauran ƙungiyoyin mishan da mataimaka Hausawa waɗanda tarihi bai ba su haƙƙinsu na ambato ba. Mai fassarar da ya guje wa haruffan Larabci bai sami hanyar guje wa kalmominsa ba: Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, addu'a, duk da su aka gina fassarar, domin Hausa ba ta da wani rumbun kalmomin tauhidi sai wanda malaman Musulunci suka cika. Kuma littafin da aka shirya domin Hausawa Musulmi bai sami masu karatu a cikinsu ba sai ƙalilan. Waɗanda suka rungume shi su ne Birom da Angas da Bacama da Bajju da Tangale da sauran al'ummun tsakiyar Nijeriya, inda mishan S.I.M. da S.U.M. suka ga ya fi sauƙi su yi aiki da harshe guda da su fassara littafin cikin harsuna barkatai. Ta haka Hausa ta zama harshen coci da waƙoƙin ibada da makarantun bishara a wuraren da dakarun jihadi ba su iya ci ba, ta kuma danne harsunan gida da dama a fagen rubutu.

Mila ya ajiye aiki da C.M.S. a tsakiyar shekarun 1930, ya koma rubuce-rubuce. A Reflections of a Pioneer (1936) da Have We Failed in Nigeria? (1947) ya caccaki mulkin Turawa ta hannun sarakuna, yana ganin ya daskarar da Arewa ya bar talaka ba ilimi, ra'ayin da ya yi kusa da na matasan 'yan boko Musulmi da suka fara motsin siyasa a wancan zamani. Ya dawo Nijeriya ya ƙare rayuwarsa a ƙasar Filato, ya mutu a Bukuru a 1952.