Adolf Baeyer: Masanin da Ya Gano Sirrin Shuni (1835–1917)

An haifi Adolf Baeyer a birnin Balin na ƙasar Jamus ranar 31 ga Oktoba, 1835. Mahaifinsa hafsan soja ne, kuma masanin awon ƙasa. Tun yana ɗan shekara 13 ya sayi curin shuni da kuɗinsa domin ya yi gwaje-gwaje a gida. Shi dai shuni ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin daga ganyen baba ake samunsa, kuma da shi marina suka yi ɗaruruwan shekaru suna rini a karofi, kamar yadda ake gani har yau a Ƙofar Mata ta Kano. Sai dai marini ya san yadda ake sarrafa shi ne kawai. A wancan zamani babu wanda ya san yadda ƙwayoyin cikinsa suka haɗu har suka ba da wannan launi. Wannan tambaya ce ta ci wa Baeyer kusan shekara 20.

Ya fara karatu a Jami'ar Balin, sannan a 1856 ya tafi Heidelberg, inda ya koyi ilmin sinadarai a hannun Robert Bunsen da August Kekulé. Ya sami digirin digirgir a 1858. Ya koyar a Balin da Strasbourg, kafin a 1875 a ba shi kujerar farfesa a Munich, inda ya zauna har ƙarshen aikinsa.

A 1871, ana tsakiyar binciken shuni, ya haɗa wasu sinadarai biyu waɗanda ba su yi wani tasiri wajen rina tufafi ba, amma suka zama 'yan manuniya, wato launukan da ke tona abin da ido ba ya gani. Na farko shi ne fenolfitalin. In aka ɗiga shi cikin ruwa mai tsami, wato asid, ba a ganin komai. In kuwa ruwan na da kaifi irin na toka ko kanwa, nan take sai ya rikiɗe ya koma ja-ja. Da shi ɗaliban sakandare ke gane lokacin da asid ya daidaita da kishiyarsa, da shi kuma injiniyoyi ke duba ko kankaren gini ya fara lalacewa. Malamin kimiyya a Zurmi ko Shinkafi zai iya nuna wa ɗalibansa wannan da jiƙon kanwa da ruwan lemun tsami, ba sai da tsadadden kayan aiki ba.

Na biyu shi ne fuloresin, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa kan mayar da ruwa mai yawa kore mai ƙyalli. A kudancin Jamus akwai wurin da ruwan kogin Danube ke nutsewa cikin ƙasa ya ɓace, kuma masu injinan da ke aiki da ruwa sun daɗe suna jayayya kan inda yake zuwa. A 1877 Adolf Knop ya zuba kilo 10 na fuloresin a wurin. Bayan kimanin awa 60 sai ga koren ruwa ya ɓullo a idon ruwan Aach, tazarar kusan kilomita 12, aka tabbatar ruwan yana gangarawa ne zuwa kogin Rhine. Har yanzu da irin wannan dabara ake bin sawun ruwan ƙarƙashin ƙasa da yoyon bututu, a kuma gane ko shadda na tsiyaya cikin rijiya. Likitan ido ma kan ɗiga shi don ƙarzunar da ke kan ƙwayar ido ta fito fili. Daga fuloresin ne Heinrich Caro ya samar da iyosin a 1873, wanda ke cikin rinin Giemsa da ake shafa wa ɗigon jini a ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a madubin likita. Ke nan mai jiran sakamakon irin wannan gwaji a asibitin Ƙauran Namoda yana cin gajiyar aikin Baeyer, ko da bai taɓa jin sunansa ba.

Shi kuwa shuni, a 1880 Baeyer ya haɗa shi a ɗakin gwaji ba tare da ganyen baba ba, a 1883 kuma ya bayyana tsarin ƙwayoyinsa. Hanyarsa ta yi tsada ƙwarai, don haka sai a 1897 kamfanin BASF ya fitar da shunin masana'anta kasuwa, ta bin hanyar da Karl Heumann ya gano. Nasarar ba ta zo wa kowa da daɗi ba. Kafin 1914 noman baba a Indiya, wanda dubban iyalai suka dogara a kansa, ya durƙushe. A ƙasar Hausa ma, a hankali rinin kanti da yadin Turai suka rage wa karofi kasuwa, ko da yake akwai wasu dalilan da suka taru suka jawo hakan.

Baeyer mutum ne da ya fi yarda da gwaji a kan doguwar muhawara, kuma da 'yan kwalabe marasa tsada ya yi galibin aikinsa. Cikin ɗalibansa akwai Emil Fischer, wanda ya riga malamin nasa samun lambar yabo ta Nobel a 1902. Baeyer ya karɓi tasa a 1905. Ya ci gaba da koyarwa har ya kai shekara 80, ya rasu a garin Starnberg ranar 20 ga Agusta, 1917.