Abdu Mumuni, ɗan Tasawa

Ɗan'uwa mai karatu, in ka taɓa zuwa Yamai, ƙila ka ji ana cewa jami'ar Abdu Mumuni. To, wane ne wannan mutum?

An haife shi a Tasawa a shekarar 1929. Ya yi lakwal a Damagaram da Yamai. Daga nan aka tura shi Senegal, sannan ya wuce Faransa ya karanci kimiyya. A 1956 ya ci wata babbar jarrabawa ta malamai, mai wuyar gaske. Ya koyar a Dakar da Konakiri.

Amma akwai abin da ya tsaya mishi a rai. Shi ya samu karatu, yaran da suka tashi tare kuwa galibinsu ba su samu ba. Me ya sa? Sai ya zauna ya yi bincike. A 1964 ya fitar da littafi a kan ilimi a Afirka.

Ya fara da tarbiyyar gida. Kai ma ka san ta. Yaro yana bin ubanshi gona, yarinya tana koyon aiki wurin uwarta, ɗan maƙeri yana zuga wuta tun yana ƙarami. Gari duka ne ke horon yaro, ba a barin kowa baya. Lakwal ta Nasara fa? Ya nuna cewa yara ƙalilan take ɗauka, don a samu masu rubutu a ofis da masu tafinta. Kuma da Faransanci kaɗai ake koyarwa. Ka duba: yaro ɗan shekara 7 ya shiga aji, mushe yana magana, shi ko kalma ɗaya bai ji ba. Ya za a yi ya gane lissafi? Sai a ce wai ba shi da ƙwaƙwalwa. Alhali ba laifinshi ba ne.

Shawarar Abdu Mumuni ita ce a koyar da yara da harshen da suka sha a nono. Manya su ma, maza da mata, a koya musu karatu da rubutu da harshensu. Manomi ya iya karanta awon gyaɗarshi da kanshi, kada a cuce shi. Ka ga ke nan, wannan takarda da ke hannunka da Hausa, irin abin da ya nema ne.

Bai bar kimiyya ba. A 1969 ya komo gida ya shugabanci ofishin binciken ƙarfin rana, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da zafin rana. A 1979 ya zama shugaban jami'ar Yamai.

Ya rasu a Yamai a 1991. A 1992 aka sa wa jami'ar sunanshi. Allah ya jiƙan shi.